Ka je Luzern a jirgin ƙasa ka dawo da hoton tafki kawai?

Jama'a akwai wata magana da na gaji da jinta a bakin mutanenmu da Allah ya ba ikon zuwa Suwizalan, ko taro ne ya kai su ko karatu ko kuma yawon buɗe ido kawai. Mutum zai dawo ya cika mana waya da hoton dutse mai ƙanƙara a ka, da tafki shuɗi, da shanu masu ƙararrawa a wuya, in ka tambaye shi to ya jirginsu na ƙasa yake sai ya girgiza kai yace maka "kai malam bar su kawai, waɗannan mutanen daban ne, a jininsu abin yake". Ni dai ban yarda da wannan maganar ba ko kaɗan, kuma a ganina ita ce hanya mafi sauƙi da mutum zai je wuri ya dawo bai ƙaru da komai ba. Na shiga jirgin nan daga Zurich zuwa Luzern, na ga duk abin da suka gani, ya burge ni matuƙa, amma abin da idona ya gani lissafi ne da kuɗin haraji da rigimar siyasa ta shekara da shekaru, babu ruwan jini a ciki.

Bari in ɗan faɗi yadda tafiyar take don wanda bai je ba. Tun daga filin jirgin sama na Zurich ba ka buƙatar neman mota, tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin ginin, ka gangara kawai. Babu ƙofar da za a tare ka, babu mai cewa ina tikitinka kafin ka shiga, ka sayi abinka a na'ura ko a waya ka nemi dandamalinka. A jikin kowane tarago an rubuta SBB CFF FFS, sunan kamfanin jirgin ne da Jamusanci da Faransanci da Italiyanci. Sai jirgi ya yi nisa kwandasta zai biyo yana gaida mutane ɗaya bayan ɗaya yana duba tikiti, wanda ba shi da shi tara ce mai zafi kuma ba a roƙo. Daga babbar tashar Zurich zuwa Luzern tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, da farko kana bin gefen tafkin Zurich, ku shige ƙarƙashin tudu ku fito garin Zug da nasa tafkin, sai gonaki da shanu, sai wani siririn tafki da ake tseren kwale-kwale a kai, shikenan kun iso.

Fitowa daga tashar Luzern ɗin ita ce wurin da kowa ke sakin baki. Kana sako ƙafa waje ga wata tsohuwar ƙofar dutse a tsaye ita kaɗai a fili, ita ce ta rage daga tsohuwar tashar da gobara ta cinye a 1971, bayanta bas-bas ne a jere, bayan su kuma ruwa, jiragen ruwa farare suna jiran fasinja. Ka waiga hagu kaɗan ga gadar katakon nan mai rufi da ake kira Kapellbrücke kwance a kan kogin Reuss, mai shekara wajen 700, furanni sun zubo ta gefenta, ita ma wuta ta ci yawancinta a 1993 suka sake gina ta cikin ƙasa da shekara. Dutsen Pilatus yana can sama yana kallonka. Wallahi wurin yana da kyau, ba zan rage masa komai ba, kuma ban ga laifin mai ɗaukar hoto ba.

Amma ni abin da ya tsayar da ni agogon tasha ne. Fari ne fes, babu lamba ko ɗaya a jikinsa sai zane-zane baƙaƙe, da hannun sakan ja mai ƙwallo a baki. In ka zuba masa ido zaka ga jan hannun yana zagayowa da ɗan sauri, kafin minti ya cika ya riga ya iso sama, sai ya tsaya cak kamar sakan ɗaya da rabi, sai hannun minti ya yi tsalle gaba, sannan shi ma ya ci gaba da tafiya. Wani injiniyan kamfanin mai suna Hans Hilfiker ne ya zana agogon a 1944. Tsayuwar nan jira yake saƙo ya zo daga uwar agogo, don duk agogon tashoshin ƙasar su shiga sabon minti a tare, kar na Luzern ya ce kaza na wani ƙauye a bayan dutse ya ce kaza. Kaga ke nan tun daga agogo ba su bar abin ga halin mutum ba, sun san in aka bar kowane mai tasha ya saita nasa to za a samu saɓani, sai suka ƙera abin da zai hana saɓanin.

Haka jadawalin ma yake. Tun 1982 suka koma tsarin da jirgi ke tashi a minti iri ɗaya kowace awa, in na garinku yana tashi takwas da minti goma to akwai na tara da minti goma, akwai na goma da minti goma, haka har dare, a manyan layuka ma duk rabin awa ne. Tsohuwa ba ta buƙatar waya ko intanet, lamba ɗaya za ta riƙe a ka. Sannan suka ɗaura komai a jikin wannan, a manyan tashoshi irin Zurich da Bern jirage suna shigowa ne dab da cikar awa ko rabinta, su tsaya, mutane su sauka daga wannan su hau wancan, awa na gotawa kaɗan duk su watse. Wani ƙanin abokina da ke karatu a Zurich shi ya ja hannuna yace Yaya tsaya nan ka ga wani abu, muka tsaya a babban zauren tashar, dandamali suka cika da jirage kusan lokaci guda, mutane suka yi ta gilmawa da jakunkuna da kekuna da karnuka da keken jarirai, bayan 'yan mintuna wurin ya yi fayau. Jirgin ruwan da ke bakin tashar Luzern yana cikin wannan lissafin, jirgin da ke hawa dutse yana ciki, bas mai ruwan ɗorawa na gidan waya da ke shiga ƙauyukan kan tudu shi ma yana ciki, yana tsaye a bakin ƙaramar tasha yana jiran jirginka ya iso.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka kashe kuɗin. Ƙasashe da yawa in za su yi jirgi burinsu a ce nasu ya fi na kowa gudu. Su kuwa a shirin da suka sa wa suna Bahn 2000, wanda jama'a suka amince da shi a ƙuri'ar 1987, tambayar da suka yi ita ce minti nawa ake buƙata jirgi ya iso tasha kafin sauran su tashi. Tsakanin Zurich da Bern tafiyar ta haura awa ɗaya, to sai suka gina sabon layi a wani yanki na hanyar, aka buɗe shi a 2004, tafiyar ta dawo awa ɗaya ba 'yan mintuna. Iyakar abin da suke nema ke nan. Biliyoyin faran, wato kuɗin ƙasar, don a rage mintuna kaɗan, saboda mintunan nan su ne ke sa mutumin ƙauye ya kama jirginsa na biyu da bas ɗinsa na uku ba tare da ya zauna a benci yana hamma ba. Ni a nan na ga mutunta ɗan adam, an ɗauka cewa lokacin mai sharar asibiti da na manajan banki duk lokaci ne. A ma'auninsu jirgin da ya makara minti uku ya makara, kuma duk da wannan tsaurin sama da kashi 90 cikin 100 suna isowa a kan lokaci.

To masu maganar jini ga tambaya. Jamus tana nan maƙwabtaka, yarensu ɗaya da mutanen Luzern, su ma Turawa ne, su ma masu kuɗi ne, su ne ma duniya ke yi wa kirarin injiniyoyi. Amma jiragensu na dogon zango sun yi ƙaurin suna wajen latti a 'yan shekarun nan, har ta kai in jirgin Jamus ya makara sosai ana tsayar da shi a Basel a bakin iyaka, a sauke fasinja su hau na Suwizalan, don kar ya shigo ya wargaza wa mutane jadawali. Me ya raba su? Ɗaya ta yi shekaru tana tsuke bakin aljihu wajen gyaran layin dogo, ɗaya kuma ba ta daina zubawa ba. Mu kanmu da ake cewa ba mu san lokaci ba, a watan azumi waye bai san mintin shan ruwa ba? Yaro ƙarami zai gaya maka saura minti huɗu, kuma duk gari ba mai ƙara ko sakan. In abu ya dame mu muna tsare lokacinsa sarai.

Kuma dogon nan nasu ba wani shugaba ne ya tashi da safe ya yi musu kyautarsa ba. Da can kamfanonin 'yan kasuwa ne ke da layukan, layin farko na cikin ƙasar tsakanin Zurich da Baden an buɗe shi a 1847, sai a 1898 jama'a suka kaɗa ƙuri'a cewa gwamnatin tarayya ta saye manyan layukan, SBB ta fara aiki a 1902. A lokacin yaƙin duniya na farko gawayin kwal ya yi musu wuya tunda ba su da shi sai sun sayo, sai suka juya ga ruwan da ke gangarowa daga duwatsunsu suka mayar da jiragen na lantarki, yau kusan duk layin ƙasar da wuta yake aiki. A 1992 suka amince a huda sabbin hanyoyi a ƙarƙashin tsaunukan Alps. A 1994 suka zaɓi a riƙa kwashe kayan da ke ratsa tsaunukan daga tirela a ɗora wa jirgi, alhali gwamnati ba ta so hakan ba. A 2014 suka kafa asusu na dindindin wanda aikinsa gyara da faɗaɗa layin dogo, ko wa ke mulki kuɗin na shiga. Ko a Nuwamban 2024 an kawo musu shirin faɗaɗa manyan titunan mota suka ce a'a. Duk wannan da gardama aka yi shi, da masu cewa ɓarnar kuɗi ce, da jihohin da ke ganin an manta da su, ba wai kowa ya tafa ba. Ramin Gotthard da aka buɗe a watan Yunin 2016, kilomita 57 a cikin dutse, mafi tsawo a duniya na jirgin ƙasa, shekara 17 ana aikinsa, ministoci nawa suka zo suka wuce ba wanda ya ce aikin wancan ne ba zan ƙarasa ba.

Akwai kuma wani abu da nake ganin shi ne ƙashin bayan komai, wato manyansu suna hawa. A 2014 wani hoto ya zagaya duniya na shugaban ƙasar na lokacin, Didier Burkhalter, yana tsaye a dandamalin tashar Neuchâtel yana latsa waya yana jiran jirgi kamar kowa. In ɗan majalisa ya san da wannan jirgin zai je Bern zama gobe da safe, ba sai an yi masa wa'azi kan kasafin gyara ba.

Yanzu kar wani ya ɗauka aljannar duniya nake kwatantawa, don wannan ma wani nau'in rashin gani ne. Jirgin nan yana da tsada, tsada ta fitar hankali ga baƙo. Tafiyar da ba ta kai awa ba za ta ci maka wajen faran 30 a aji na biyu, ka lissafa da naira ko sefa ka ji yadda gabanka zai faɗi. 'Yan ƙasa miliyoyinsu suna da katin rabin kuɗi da suke saya na shekara, wasu kuma na shekara gaba ɗaya da ke ba su damar hawa kusan komai, don haka farashin da ke jikin na'ura kusan baƙo ne ke biyansa cif. Akwai katin da aka yi don masu yawon buɗe ido, shi ma ba arha ba ne, sai dai in za ka yi yawo sosai yana fanshe kansa. Kofin shayi ma sai ka yi tunani kafin ka saya, sauƙin kawai shi ne ruwan famfunan kan titi ana sha, ka riƙe gorarka. Su kansu 'yan ƙasar suna ƙorafin tsada da cunkoso da safe, ba wai suna ta godiya ba ne dare da rana.

Sannan tarihin ba fari ne tas ba. Tsohon ramin Gotthard na 1882 leburori ne suka haƙa shi, yawancinsu talakawan Italiya, wajen 200 suka mutu a ciki, kuma da suka yi yajin aiki a 1875 harbi aka yi har aka kashe wasu. Mu kuma 'yan Najeriya ba ma buƙatar a gaya mana me bankunan ƙasar suka daɗe suna ɓoyewa, kuɗin Abacha kaɗai an yi ta dawo da su kashi-kashi, har da dala miliyan 321 da aka yi yarjejeniyarsu a 2017. Ba ina cewa da kuɗinmu aka gina musu dogo ba, wannan zai zama ƙarya, amma mutum yana zaune a tarago mai tsabta yana wuce gine-ginen bankuna dole abin ya faɗo masa a rai. Haka nan ƙuri'ar raba gardamar nan da nake yabo, ita ce dai a 2009 ta hana gina hasumiyar masallaci a ƙasar da a lokacin hasumiya huɗu ce kacal a cikinta, ita ce kuma a 2021 ta hana rufe fuska a bainar jama'a, dokar da ta shafi masu niƙabi kai tsaye. Wannan ya yi mini ciwo a matsayina na Musulmi kuma har yanzu ina ganin zalunci ne. Don haka Hajiya mai shirin zuwa da niƙabi ki san da wannan tun daga gida. Mutane ne dai kamar kowa, suna yin daidai suna yin kuskure da hannu ɗaya, kuma wannan ma hujja ce a kan masu cewa su daban ne.

Wani abin da ya ba ni haushi a Luzern shi ne irin yawon buɗe idon da ake yi wa garin. Gari ne na mutum dubu tamanin da 'yan kai, amma in ka je dandalin Schwanenplatz da rana zaka ga manyan bas-bas suna sauke jama'a garke-garke, a shiga kantin agogo, a fito a ruga gada a ɗau hoto, a garzaya wajen zakin nan da aka sassaƙa a jikin dutse don tunawa da sojojin Suwizalan da aka kashe a Paris a 1792, a koma bas, an gama da Luzern ke nan cikin awa biyu. Mutanen garin sun fara gajiya, har sun kaɗa ƙuri'a a 2023 suka taƙaita ba da hayar gidaje ga baƙi irin na Airbnb zuwa kwana 90 a shekara saboda 'yan gari sun rasa wurin zama. Wanda ya zo a irin wannan bas ɗin bai zauna kusa da ɗan makaranta mai yin aikin gida a kan ɗan teburin tarago ba, bai ga soja matashi da ƙatuwar jakarsa yana gyangyaɗi ba, bai ga mai keken guragu ya gangara cikin jirgi da kansa saboda ƙofar daidai take da dandamali ba. Shi ya sa nake cewa in Allah ya kai ka, ka hau jirgi, aji na biyu, kuma ka hau na safe da ma'aikata ke hawa ko da sau ɗaya ne. In akwai hali ka shiga jirgin ruwa zuwa Vitznau ka hau na dutsen Rigi, wanda tun 1871 yake hawa, shi ne na farko irinsa a Turai, ka lura da yadda ɗaya ke jiran ɗaya.

Ba na son in mayar da wannan rubutun na kukan gida, amma akwai abu ɗaya da ba zan iya haɗiyewa ba. Shekarar da aka buɗe ramin Gotthard, a cikinta aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna, ƙasa da wata biyu tsakani, kuma dogo ya iso Kano tun 1911, ba baƙonmu ba ne. Yanzu ga na Kaduna zuwa Kano ga na Kano zuwa Maraɗi ana ta aiki. Duk muhawararmu a kan su ba ta wuce nawa aka ciwo bashi, wa ya samu kwangila, yaushe za a yanke kyalle. Ba na jin ana tambayar sau nawa zai tashi a rana, a wane minti, wace mota ce za ta jira fasinja a bakin tasha, nawa aka ware duk shekara don gyara, kuma wa zai fito duk wata ya gaya mana jirgi nawa ne suka makara. Tashar Idu ta Abuja da ta Rigasa a Kaduna duk a gefen gari suke, mutum ya sauka sai ya fara wata sabuwar tafiyar da cinikin ɗan tasi. Waɗannan tambayoyin ba sa buƙatar mu kai Suwizalan arziki, kuma yanzu ne lokacin yin su, kafin a gama zuba kankare a inda bai dace ba.

Su ma can ɗin ba su gama ba fa. Tashar Luzern da na yaba makura ce, jirgi in ya shigo sai dai ya juya da baya, kuma kusan duk manyan jiragen ta layi biyu kacal suke matsowa su shiga garin, wurin ya cika ba inda za a ƙara ko jirgi ɗaya a lokacin cunkoso. Shekaru ke nan suna neman a gina musu sabuwar tasha a ƙarƙashin ta yanzu, da rami da zai bi ta ƙarƙashin bakin tafkin ya ɓulle wancan gefen, aikin biliyoyin faran ne kuma wasu biranen ma suna layi da nasu buƙatun a asusu ɗaya, don haka ana ta ja-in-ja da gwamnatin tarayya a Bern kan wa za a fara yi wa. Yawancin 'yan siyasar da ke wannan faɗan sun san kafin jirgin farko ya bi ta ramin sun daɗe da barin kujera.